Kundin Kaka Ba Tarkace Ba Ne

A garuruwan Tasawa da Mayahi, gidajen malamai da dama ba su rasa gafaka rataye a ɗaki, cike da takardun da suka yi ja don tsufa. A ciki akwai waƙoƙin wa'azi na ajami, da madahu, da addu'o'i, wani lokaci har da lissafin bashi a gefen shafi. Wannan shi ne kundi. Ni a ganina, kafin zuwan injin ɗab'i, shi ya riƙe mana waƙa.

Ba mu kaɗai muka bi wannan hanya ba. A Ingila ta ƙarni na 16, mawaƙan fada ba su cika buga waƙoƙinsu ba. Aboki ke kwafa daga aboki, kowa ya tara abin da ya yi masa daɗi a littafinsa na hannu. Sai a 1557 Richard Tottel ya tattara waƙoƙi 271 ya buga a Landan, yawancin na Thomas Wyatt a nan suka fara fitowa, shekara 15 bayan mutuwarsa. Waƙoƙin John Donne ma sun daɗe suna yawo hannu da hannu, ba a buga tarinsu ba sai 1633, bayan ya mutu.

Haka waƙa ta yi tafiya a ƙasar Hausa. Almajiri ya kwafa daga malaminsa, fatake su ɗauka zuwa wani gari. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta hannun jajis ta isar da waƙoƙinta ga matan karkara. Tasawa kuwa tana kan hanyar ayari tsakanin Agadas da Katsina, har Heinrich Barth ya ratsa ta a 1851. Inda ayari ya bi, takarda ta bi. Shekara 400 cif bayan Tottel, a 1957, hukumar NORLA ta buga "Waƙoƙin Hausa" a Zariya. Amma abin da aka buga kaɗan ne cikin abin da ke gafakoki.

Kundi yana faɗin abin da bugaggen littafi ba ya faɗi: wace waƙa aka so a wane gari, wa ya kwafa, wane baiti ya sauya. Kalmar ramzi a ƙarshen waƙa takan ɓoye shekarar da aka yi ta. To, shafukan ba a ɗinke suke ba. In aka raba su wajen gado, ko gara ta shiga, ko rufi ya yi yoyo da damina, shi ke nan.

Iyaye, kada a raba kundi, a bar shi dunƙule a hannun mutum ɗaya. Malaman lakwal, ku nemi izinin masu shi, ku ɗauki hoton kowane shafi a jere da waya, ku gayyato mai karanta ajami ya rera wa yara. Cibiyar IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai tana da sashen adana irin waɗannan rubuce-rubuce. Allah Ya jiƙan magabatan da suka kwafa mana.