Margaret Bondfield da Asusun Marasa Aiki: Daga Kantin Yadi zuwa Majalisar Ministocin Birtaniya

Tsakure: Wannan maƙala ta bi sawun Margaret Bondfield (1873–1953), mace ta farko da ta zauna a majalisar ministocin Birtaniya, domin amsa tambaya guda: me ya sa 'yar ƙwadagon da ta shafe fiye da shekara talatin tana kare ma'aikata ta yarda a zaftare musu alawus a 1931? Maƙalar na ganin cewa tarbiyyar da ta samu a ƙungiya ce ta bi ta har ofishin minista, kuma a can ne ta zame mata matsala.

An haifi Bondfield a garin Chard da ke gundumar Somerset, ita ce ta goma cikin 'ya'ya goma sha ɗaya na wani ma'aikacin masaƙar leshi. Tana da shekara 14 aka kai ta koyon aiki a wani kantin yadi a Hove, a gaɓar tekun kudancin Ingila. A wancan zamani yaran kanti a gidan mai kanti suke kwana, galibi a cushe a ɗakunan saman bene. Abin da ya ga dama shi za su ci, kuma ana lissafa ci da kwanan a cikin ladansu. Ƙaramin kuskure tara ne. Yini ake yi a tsaye, sama da awa 70 a mako, ga wajibcin fara'a da tsaf-tsaf a gaban mai saye. Wanda aka kora ya rasa aiki da makwanci a rana ɗaya, shi ya sa bakin kowa ke rufe.

Ta koma Landan a 1894, ta shiga ƙungiyar ma'aikatan kantuna. A 1896 wata ƙungiyar mata mai binciken yanayin aiki ta ɗauke ta aikin sirri. Shekara biyu tana neman aiki a kanti bayan kanti, tana rubuta abin da idonta ya gani, tana kuma aika wa jaridar ƙungiyarsu rubutu da sunan aro, Grace Dare. A 1898 ta zama mataimakiyar sakataren ƙungiyar. Lokacin mambobi ba su kai 3,000 ba. Da ta ajiye muƙamin a 1908 sun haura 20,000. A taron shekara na babbar ƙungiyar ƙwadagon ƙasar, TUC, da aka yi a Plymouth a 1899, ita kaɗai ce mace cikin wakilai.

Duk mai son fahimtar abin da ya biyo baya sai ya tsaya a nan ya dubi aikin jami'in ƙungiya na wancan lokaci. Ƙungiya ba ta da wata rijiyar kuɗi illa ɗan abin da mambobi ke zubawa mako-mako. Daga ciki ake biyan wanda ya rasa aiki da wanda ke yajin aiki. Jami'in da ya saki hannu ya kashe ƙungiya. Don haka abin da Bondfield ta koya shi ne tsaron asusu, bin ƙa'idar wanda ya cancanta, da karɓar rabin abin da aka nema a teburin sulhu idan hakan zai hana a tashi a tutar babu. Haka kuma ta fi kallon kanta a matsayin 'yar talakawa ma'aikata kafin komai. A rikicin neman ƙuri'ar mata ta ƙi goyon bayan a bai wa mata masu dukiya kaɗai, ta tsaya a kan ƙuri'a ga kowane baligi, abin da ya haɗa ta faɗa da fitattun masu fafutukar mata na lokacin.

Hawanta ya zo da sauri. A 1923 ta zama mace ta farko da ta shugabanci babbar majalisar TUC, a Disambar shekarar kuma ta ci kujerar Northampton a ƙarƙashin jam'iyyar Leba. Ta yi ƙaramar minista a ma'aikatar ƙwadago a gwamnatin Ramsay MacDonald ta 1924, ta faɗi zaɓe a ƙarshen shekarar, ta dawo daga mazaɓar Wallsend a 1926.

Alamar farko ta bayyana a 1927, sa'ad da ta sa hannu a rahoton kwamitin Blanesburgh kan inshorar rashin aikin yi, wanda ya ba da shawarar rage wasu alawus. 'Yan'uwanta a ƙwadago sun yi mata ca. Ita kuwa a ganinta inshora inshora ce: dole abin da ke fita ya yi daidai da abin da ke shigowa.

Da wannan tunani ta karɓi ma'aikatar ƙwadago a Yunin 1929, wata huɗu kafin kasuwar hannun jarin New York ta ruguje. Marasa aiki da ke cikin rajista sun ɗan haura miliyan ɗaya a lokacin. Kafin ƙarshen 1930 sun wuce miliyan biyu da rabi. An gina asusun inshorar ne a kan zubin ma'aikaci, mai ba shi aiki da gwamnati, bisa tsammanin rashin aiki na ɗan lokaci ne. Yanzu masu karɓa na ƙaruwa, masu zubi na raguwa. Sau da dama ta koma gaban majalisa tana roƙon a ɗaga iyakar bashin da asusun zai iya ci, daga fam miliyan 40 har zuwa miliyan 115, ita da ta tsani bashi. Ministan kuɗi Philip Snowden na matsa mata daga sama, 'yan jam'iyyarta daga ƙasa. A 1930 waɗannan 'yan majalisa suka tilasta aka soke sharaɗin nan da ke sa marar aiki ya tabbatar da cewa da gaske yake neman aiki, sharaɗin da ya sa mutane yawon ƙofofin masana'antun da kowa ya san ba sa ɗauka.

Sai dokar Yulin 1931, wadda aka ce ta toshe kafofin da kuɗi ke zurarewa ce. Ta shafi masu aikin kaka-kaka da masu aikin 'yan kwanaki a mako, amma matan aure ta fi danna wa. A dubi mace da ta yi shekaru tana zubi daga albashinta, ta yi aure, aka sallame ta, kamar yadda kamfanoni da yawa ke yi wa duk wadda ta yi aure. Ta je ofishin ƙwadago, sai a ce ta nuna cewa akwai kyakkyawan zaton za ta samu aiki a yankinta. Ina za ta samo wannan hujja, alhali masu ba da aikin ne suka ƙi matan aure? Namijin da ya yi zubi daidai da nata ba a yi masa wannan tambaya. Eleanor Rathbone da 'yan ɓangaren James Maxton sun yi adawa da dokar a majalisa, amma ta wuce. Da ƙa'idojinta suka fara aiki a ƙarshen shekarar, cikin 'yan watanni an hana matan aure fiye da 100,000 alawus.

A ranar 23 ga Agusta, 1931, majalisar ministoci ta rabu kan rage alawus ɗin marasa aiki da kashi 10 cikin 100, sharaɗin da ake ganin sai da shi za a samu rance daga bankunan waje. Goma sha ɗaya suka yarda, tara suka ƙi. Bondfield na cikin masu yarda. Washegari gwamnati ta faɗi.

Masana tarihi, irin su Robert Skidelsky a littafinsa na 1967 kan wannan gwamnati, sun yi wa ministocin hukunci mai tsauri, kuma a cikin jam'iyyar Leba sunanta ya daɗe yana ɗauke da tabon cin amana. Wannan zargi ya yi nauyi da yawa. Da MacDonald ya kafa gwamnatin haɗin gambiza da jam'iyyar masu ra'ayin mazan jiya, ba ta bi shi ba. Ta zauna a jam'iyyarta, ta sha kaye tare da ita. Mai neman kujera ba haka yake yi ba. Laifinta na gaskiya wani ne daban, kuma bai kamata a rage masa nauyi ba: ta riƙe baitulmalin ƙasa kamar akwatin ƙungiya. Sakataren ƙungiya ba shi da ikon sa haraji ko ƙirƙiro ayyuka, gwamnati kuwa tana da shi, kuma a lokacin akwai masu kiran a yi amfani da shi, har da masanin tattalin arziki John Maynard Keynes. Ta zaɓi tsaron lissafi, kuma waɗanda suka biya farashin su ne matan da ta fi kowa a majalisar ministocin sanin yadda suke samun kuɗin zubinsu.

A zaɓen Oktoban 1931 Irene Ward ta jam'iyyar masu ra'ayin mazan jiya ta kayar da ita a Wallsend, ta sake kayar da ita a 1935. Bondfield ta koma aikin ƙungiyar ƙwadago a matsayin babbar jami'ar harkokin mata har ta yi ritaya a 1938. Ba a sake naɗa mace a majalisar ministocin Birtaniya ba sai a 1945, lokacin da Ellen Wilkinson, ita ma tsohuwar jami'ar ƙwadago, ta karɓi ma'aikatar ilimi.