Daga Gaya Zuwa Dala: Tarihin Tama, Ƙira da Arzikin Ƙasar Kano



Gabatarwa

A duk lokacin da aka ambaci kalmar fasaha a tsakanin matasanmu, abin da ke fara zuwa zuciya shi ne kwamfuta da wayar salula da intanet. Daga nan sai ra'ayi ya rabu gida biyu. Wasu su ce ai mu ba mu taɓa ƙirƙirar komai ba, komai sai da Bature ya kawo mana. Wasu kuma su ce kakanninmu sun san komai, zuwan Turawa ne kaɗai ya rusa mu. Kafin mai karatu ya zaɓi ɓangare, ya kamata mu duba wani misali na gida: tarihin fitar da ƙarfe daga dutse a ƙasar Kano, wanda bakin zarensa ke garin Gaya, kimanin kilomita 60 da ɗoriya gabas da birnin Kano.

Abagayawa da Dutsen Dala

Ruwayar baka da ta shahara a Kano ta nuna cewa daga cikin mutanen farko da suka zauna a gindin Dutsen Dala akwai wasu maƙera da suka taso daga Gaya suna neman tama, wato dutsen da ake fitar da ƙarfe daga cikinsa. Sun same ta a Dala, suka zauna, zuriyarsu kuwa ita ake kira Abagayawa. Ruwayar ta ƙara da cewa sunan shugabansu Kano, kuma daga gare shi birnin ya samo suna. Binciken masu haƙar kayan tarihi ya ƙarfafa ginshiƙin wannan labari, domin an samu ragowar murhun dafa tama a Dala wanda gwajin kimiyya ya nuna ya kai ƙarni na 7 na miladiyya. Ke nan ana fitar da ƙarfe a wurin tun shekaru ɗari uku ko fiye kafin zuwan Bagauda, wanda ake ƙirga sarautarsa daga shekarar 999. A Taruga kuwa, kusa da Abuja ta yanzu, an tono murhunan da suka girmi haihuwar Annabi Isa (AS) da ƙarnoni.

Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara daga Larabci zuwa Turanci a 1908, ya kawo wani abu da ya kamata mai karatu ya riƙe. Da yake lissafa manyan mutanen Barbushe, ya ambaci Gijigiji a matsayin maƙeri, sannan ya ambaci Maguji daban a matsayin mai haƙo tama yana dafa ta. Wato tun a wancan zamani sana'ar hawa biyu ce: akwai mai samar da ƙarfen, akwai kuma mai sarrafa shi. Wannan rabuwa ita ce mabuɗin sauran bayanin da zai biyo baya.

Yadda Ake Dafa Tama

Tama ƙarfe ne da ya haɗu da iskar oksijin ya zama dutse, kamar dai yadda fartanyar da aka bari a ruwan sama ke yin tsatsa. Aikin mai dafa tama shi ne ya raba su. Da farko sai ya haƙo tamar, ya farfasa ta ƙanana, ya tsince mai kyau. Sannan ya ƙona gawayi mai yawa daga itace mai tauri irin su ƙirya, domin gawayin itace mai taushi ba ya riƙe wuta. Sai ya gina murhu na yumɓu, ya jera bututan yumɓu a gindinsa don shigar iska, ya zuba gawayi da tama hawa-hawa, ya kunna wuta.

Abin da ke faruwa a cikin murhun kimiyya ce tsantsa. Idan gawayi yana ci a wuri rufaffe, yakan fitar da wata iska da masana ke kira kabon monoksaid, ita ce dai wadda ke halaka mutanen da suka kwana da gawayi ko janareta a ɗaki rufe. Wannan iska tana fizge oksijin daga jikin tama ta bar ƙarfe. Zafin murhun yakan kai kimanin digiri 1,200 a ma'aunin Salshiyos, alhali ƙarfe tsantsa ba ya narkewa sai ya haura digiri 1,500. Saboda haka ƙasa da sauran dattin da ke cikin tamar su ne ke narkewa su gangara, ƙarfen kuwa ya dunƙule ya zama curi mai huji-huji. Wannan curin ake kai wa maƙeri, ya sake gasa shi da zugazugi, ya ɗora kan uwar maƙera, ya yi ta dukansa da masaba har sauran dattin ya fita.

Mai karatu ya lura, mutanen nan ba su da ma'aunin zafi, ba su da agogo. Da launin harshen wuta suke gane zafi, da nauyin dutse da launinsa suke gane tama mai kyau. Idan iska ta yi yawa aikin ya ɓaci, idan ta yi kaɗan wuta ba ta kai ba, wahalar kwanaki ta tafi a banza. Ilimi ne da aka tara ta hanyar gwaji da kuskure, uba ya koya wa ɗa, tsawon shekaru fiye da dubu.

Daga wannan curi ne aka samu garma da fartanya da lauje da gatari. Da su aka sare daji, aka faɗaɗa gonaki, hatsi ya wadata har aka samu rarar da za ta ciyar da masaƙa da marina da malamai da 'yan kasuwa waɗanda ba sa zuwa gona. Da irin waɗannan kayan aiki aka haƙa ƙasar da aka gina ganuwar Kano, wadda Sarki Gijimasu ya fara wajen farkon ƙarni na 12. A fagen yaƙi ma haka abin yake: an ruwaito cewa Sarki Kananeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke cikin rundunar Kano.

Gaya, Wuri da Haraji

Gaya ba ta ɓace daga tarihi ba bayan tafiyar maƙeranta, domin tana kan hanyar da ta haɗa Kano da Borno. Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Yakubu, daga 1452 zuwa 1463, Agalfati ɗan Sarkin Machina ya zo ya zama Sarkin Gaya. A wannan zamanin ne kuma Fulani suka zo daga Mali da littattafan tauhidi da na lugga, gishirin Azbin ya yawaita a ƙasar Hausa, fatake daga Gwanja da Barebari da Larabawa suka riƙa shigowa. Ilimi da kasuwanci tare suka biyo hanya ɗaya.

Garin ya yi ƙarfin da a zamanin Sarki Dadi, tsakanin 1670 da 1703, Sarkin Gaya Farin Dutse ya yi shekara uku bai kai wa Kano haraji ba, sai da aka yaudare shi aka kashe shi. Abin mamaki, jikansa ne ya gaji Dadi, wato Muhammadu Sharefa, wanda mahaifiyarsa Mariyama 'yar Farin Dutse ce. A mulkin Sharefa, daga 1703 zuwa 1731, mutanen Gaya sun samu faɗa a ji a fadar Kano, kuma bayan Zamfarawa sun ci Kanawa da yaƙi, ya sa aka gina wa Gaya da Takai da wasu garuruwa ganuwa.

A zamanin Sharefa ne wuri ya shigo ƙasar Hausa a matsayin kuɗi, kamar yadda littafin ya nuna. Wannan ƙaramin ƙwanso daga tsibiran Maldibis na tekun Indiya yake fitowa, kuma ya sauƙaƙa ciniki ƙwarai, domin da shi ana iya sayen allura guda ko ƙwaryar fura. Sai dai abin da ya sauƙaƙa ciniki shi ne kuma ya sauƙaƙa karɓar haraji. Sharefa ya ƙirƙiro haraji iri-iri, har da na Kasuwar Kurmi da na aurar da budurwa. Ɗansa Kumbari, wanda ya yi mulki zuwa 1743, ya tsananta har kasuwar ta kusa mutuwa, ya sa malamai ma biya. Larabawa suka tattara suka koma Katsina, talakawa da yawa suka gudu ƙauye. Tun a 1377 Ibn Khaldun ya bayyana wannan ƙa'ida a Muƙaddimarsa: idan haraji ya yi nauyi, masu sana'a kan karaya, abin da ke shiga baitulmali kuma ya ragu. Fasaha komai ingancinta tana buƙatar kasuwa mai rai da hukuma mai adalci.

Yadda Wutar Ta Mutu

Masu cewa mulkin mallaka ne kaɗai ya kashe sana'ar tama ya kamata su saurari Heinrich Barth, Bajamushen da ya zo Kano a 1851, fiye da shekara 50 kafin Turawan Ingila su ci birnin a 1903. Ya ƙiyasta cewa ana shigo da ruwan takobi kimanin 50,000 a kowace shekara ta hamadar Sahara, mafi yawansu ƙirar garin Solingen na Jamus. A Kano ake yi musu ƙota da kube, sannan a sayar da su ƙasashen maƙwabta. Allurai ma daga Turai ake kawo su. Wato tun a lokacin, a wasu kayayyaki, masu sana'armu sun fara komawa masu ƙarasa aikin da wani ya fara.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A Turai an daɗe da gina manyan murhuna masu narkar da ƙarfe ya zama ruwa, kuma a 1709 Abraham Darby na Ingila ya gano yadda za a dafa tama da gasasshen kwal a maimakon gawayin itace. A 1856 Henry Bessemer ya fito da hanyar samar da ƙarfe mai inganci da yawa cikin araha. Mai dafa tama na ƙasar Hausa kuwa yana nan da murhun da ya gada, mai cin gawayi da yawa ya ba da ƙarfe kaɗan.

Da layin dogo ya iso Kano a 1911, jirgin ƙasa ya riƙa ɗaukar gyaɗa zuwa Ikko yana dawowa da kayan Turai. Sandunan ƙarfe suka shigo, daga baya kuma ga tsofaffin ƙarafan jirgi da na motoci da gangunan mai. Maƙeri ya ga babu dalilin jiran curin tama mai tsada alhali ga ƙarfe mai arha a kusa. Cikin 'yan shekaru goma-goma murhunan suka mutu. Magajin Gijigiji ya rayu, har yau ana jin ƙarar masabarsa a kasuwannin Gaya da Ajingi da Wudil, yana ƙera fartanya da tsohon ƙarfen mota. Magajin Maguji shi ne ya ɓace. Kuma da yake ilimin nasa a ka yake, ga shi ana ɓoye shi a cikin dangi, sai ya bi masu shi kabari, duk da cewa ƙasar tana da malamai masu rubutu da Larabci da ajami tun ƙarnoni da dama.

Nijeriya ta yi yunƙurin maido da wannan hawa na farko a sigar zamani. An fara gina kamfanin ƙarfe na Ajaokuta a ƙarshen shekarun 1970 da taimakon Tarayyar Sobiyat, domin ya dafa tamar Itakpe. Fiye da shekara 40 ke nan babban murhunsa bai fara aiki ba. Masana'antar murza ƙarfe ta Katsina, wadda aka buɗe a 1982, an gina ta ne a kan ta riƙa karɓar ɗanyen ƙarfe daga wani wuri, da ya yanke kuwa sai aikinta ya durƙushe.

Kammalawa

Idan mai karatu ya dubi wayar da ke hannunsa, zai ga wannan rabuwa dai tana nan. Muna da masu gyaran waya da masu sayar da ita da ƙwararru wajen amfani da Facebook da WhatsApp, kuma sana'o'i ne na halal masu ciyar da iyali. Amma duk a hawa na biyu suke. Hawa na farko shi ne lissafi da kimiyyar lantarki da iya rubuta manhajar kwamfuta tun daga tushe. Wanda ke hawa na biyu kullum yana ƙarƙashin farashin da wani ya yanka da sharuɗɗan da wani ya gindaya. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Tarihin tama ya bar mana nasiha uku. Ta farko, sana'ar da ba a inganta ta za ta mutu ranar da mai arha ya iso, komai daɗewarta. Ta biyu, ilimin da aka ɓoye ko aka ƙi rubutawa ba ya wuce masu shi, don haka matashin da ya koyi rubuta manhaja ya rubuta bayaninta da Hausa, ya koya wa na ƙasa da shi. Ta uku, wanda Allah Ya ɗora wa jagoranci ya tuna da Kasuwar Kurmi a zamanin Kumbari.

Hanyar koyo kuwa ba ta yi nisa ba. Jami'ar kimiyya da fasaha da ke Wudil, wadda ta fara aiki a 2001 kuma aka sa mata sunan Aliko Dangote a 2022, maƙwabciyar Gaya ce, kuma darussan lissafi da na manhaja suna nan kyauta a intanet ga mai haƙurin zama ya koya. Idan kuma akwai dattijo a gidanku ko unguwarku da ya ga ana dafa tama, ko ya ji bayaninta daga iyayensa, a je a zauna da shi da takarda da alƙalami tun yana raye.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya sa mu dace. Wassalamu alaikum.