Daga Zauren Hakimi zuwa Sakatariya

Lokacin da Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, babu ginin da za a nuna a ƙasar Mafara a ce ga ofishin hukuma. Mulki yana zaure. Mai ƙara ya tuɓe takalmi a ƙofar gidan Sarkin Mafara, ko na Sarkin Burmin Bakura, ko na Sarkin Kayan Maradun, ya durƙusa ya yi gaisuwa, a saurare shi. Alƙali ma a zaurensa yake yanke hukunci.

Turawan da kansu da aro suka fara. A Kano sun zauna a Gidan Makama, ginin da ake dangantawa da zamanin Muhammadu Rumfa, kafin su koma Nassarawa da Bompai. A Sakkwato kuwa Razdan na farko, Manjo Burdon, da waɗanda suka gaje shi, bayan gari suka yada zango. Daga nan aka sami gari biyu, birni da bariki, har kalmar bariki ta zarce ginin ta koma sunan wata irin rayuwa da iyaye ke yi wa 'ya'yansu tsoro.

Kuɗi ne suka fara tilasta wa mulki fita daga zaure. Wajen 1907 wani Bature mai suna Palmer ya kafa baitulmali a Katsina, cikin 'yan shekaru sauran masarautu suka bi. Da zarar haraji da jangali sun zama abin rubutawa da lissafi, dole a sami ɗaki mai ƙofa da kwaɗo, da akwatin ƙarfe, da ma'aji, da malamai masu ƙidaya. A kewayen baitulmali sauran gine-ginen En'e, wato hukumar gargajiya, suka tsiro: babban ofishi, kotun alƙali, gidan yari, ofishin 'yan doka, da ma'aikatar magina da kafintoci. Tubali da azara aka fara amfani da su, bango mai kauri wanda ke riƙe sanyi ko da rana ta take, sai daga baya siminti da kwano suka shigo. Hanyar jirgin ƙasa da ta bi ta Gusau ta isa Ƙauran Namoda a 1929 ta sauƙaƙa kawo irin waɗannan kaya.

Mu a ƙasar Mafara a lokacin gunduma muke, ƙarƙashin En'en Sakkwato, don haka rabonmu kaɗan ne. Ofishin hakimi, kotu, ɗakin shan magani, makarantar elementare, sai gidan saukar Di'o idan ya fito rangadi. Mutumin Dakko da ya nufi Bakura biyan haraji bai buƙaci allo a bakin ƙofa ba. Ya san inda malamin haraji yake zama, ya kuma san ƙaramar takardar shaida da zai naɗe ya cusa cikin hula, don ranar da dogari zai tare shi a kasuwa.

Abin lura shi ne yadda sunayen suka samu. Ba a yi bikin raɗa wa waɗannan gine-gine suna ba. Jama'a ne suka kira su da aikinsu ko da muƙamin mai zama a ciki: gidan Razdan, ofishin Di'o, gidan yari. Inda sunan mutum ya manne, laƙabi ne mutane suka ba shi. Hanns Vischer, wanda ya buɗe makarantar Nassarawa a 1909, Kanawa suka ce masa Ɗan Hausa, gidansa kuma har yau Gidan Ɗan Hausa ne. Zauren Lugard na Kaduna shi ne babban misalin suna da aka ɗora daga sama, kuma ya tsira bayan 'yancin kai, har majalisar dokokin jihar Kaduna ta gaje shi. Ni dai a ganina sunan da jama'a suka ba gini ya fi faɗin gaskiyar abin da ake yi a ciki.

Bayan an ƙirƙiro jihohi a 1967, muka faɗa Jihar Arewa maso Yamma. Cikin 'yan shekaru gwamnati ta karɓe kotuna da gidajen yari da 'yan doka daga hannun En'e, aka bar tsofaffin ofisoshi da kufan iko. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa aikin. Talata Mafara ta zama hedikwatar ƙaramar hukuma, daga baya Maradun da Bakura suka sami nasu, kowace da sakatariya da ciyaman. Hakimi ya koma uban ƙasa, baitulmali ya koma ofishin ma'ajin ƙaramar hukuma.

A wannan zamanin ne al'adar sa wa ginin gwamnati sunan shugaba ta kankama. Kano ta yi Gidan Murtala da sakatariyar Audu Baƙo, Sakkwato ta yi ta Usman Faruk. Da aka yanke Zamfara daga Sakkwato ranar 1 ga Oktoba 1996, sakatariyar Gusau ta ɗauki sunan J.B. Yakubu, kantoman soja na farko a jihar. Tsofaffin gine-ginen manyan birane kuwa wasu sun sami mai riƙe su: Gidan Makama da tsohuwar Kwalejin Katsina sun zama gidajen tarihi. Na gunduma, da yake ƙasa ce da azara, damina biyu ko uku ba yaɓe sun isa su kwantar da bango, sai a share filin a ɗora bulo.