Tarihin Kwalejin Katsina, da Abin da Ta Bar Mana

Jama'a, duk wanda ya taso daga nan Jibiya ya nufi birnin Katsina, in ya sami sarari, ya kamata ya ratse ya dubi wani tsohon gini na ƙasa wanda yanzu aka mai da shi gidan adana kayan tarihi. Wanda bai sani ba sai ya wuce, ya ce ai soro ne kamar sauran soraye. Alhali kuwa cikin ɗakunan nan aka yi renon mutanen da suka riƙe ƙasar nan sa'ad da Turawa suka sake ta. Wannan ita ce Kwalejin Katsina, wadda yau ake kira Kwalejin Barewa a Zariya.

Asalin abin kuwa, tun cikin 1909 Ɗan Hausa ya buɗe makarantar boko a Nasarawa ta Kano. Da makarantu suka fara yaɗuwa cikin larduna, sai aka ga babu malaman da za su koyar. Saboda haka aka kafa Kwaleji a Katsina cikin 1921, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, Allah ya ji ƙansa, sa'an nan Gwamna Clifford ya zo da kansa ya buɗe ta cikin watan Maris na 1922. An zaɓi Katsina domin tun zamanin Wali Ɗan Marina da Ɗan Masani an san ta garin malamai ce, ga kuma hasumiyar Gobarau tana shaida. Har ila yau tana nesa da hanyar jirgin ƙasa, ana ganin hayaniyar ciniki ba za ta ɗauke hankalin yara ba.

Daga larduna ake zaɓo yara, daga Sakkwato, da Barno, da Bauci, da sauransu, waɗansu su yi kwanaki suna tafiya a ƙasa kafin su iso. Ana koya musu Turanci, da lissafi, da tarihi, da labarin ƙasa, da Larabci, da dabarun koyarwa. Malam Bello Kagara, mai littafin Ganɗoki, yana cikin malamansu. Alhaji Sir Ahmadu Bello ya yi karatu nan daga 1926 zuwa 1931, ya koma Midil ta Sakkwato yana koyarwa. Alhaji Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gama cikin 1933, ya koma Midil ta Bauci. Alhaji Abubakar Imam ya gama cikin 1932, ya koyar a Midil ta Katsina, kana ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo cikin 1939. Ku duba fa, dukansu da alli suka fara.

Cikin 1938 aka ɗauke Kwaleji aka kai ta Kaduna. A can Malam Aminu Kano da Alhaji Shehu Shagari suka yi karatunsu, su ma suka fita suka kama koyarwa. Cikin 1949 ta sake ƙaura zuwa Zariya, inda Yakubu Gowon da Murtala Muhammed suka bi ta cikinta. Sunan Barewa kuwa cikin 1971 aka raɗa mata shi.

Mu da ke zaune bakin iyaka muna da wani abin lura wanda na cikin ƙasa ba su cika gani ba. Daga nan zuwa Ɗan Isa da Maraɗi tafiya kaɗan ce, harshenmu ɗaya, dangi ɗaya, sarakunan Maraɗi ma zuriyar sarakunan Katsina ne na kafin jihadi. Amma da Ingilishi da Faransa suka ja layi tsakaninmu, sai yaron da ke wancan gefe, in ya yi ƙwazo, a aike shi can Senegal, makarantar malamai ta William Ponty. Daga can Diori Hamani da Boubou Hama suka fito, su ma malaman makaranta, har Diori ya zama shugaban Nijar na farko cikin 1960. Watau ƙasashen nan biyu, kowace daga hannun malamin makaranta ta karɓi 'yancinta.

To, kada kuma mu yi ta yabo mu manta da gaskiya. Kwalejin nan guda ɗaya ce tak ga ƙasar Arewa duka, mutane kaɗan take ɗauka kowace shekara, galibinsu 'ya'yan sarauta da na malamai, mata kuwa ba su da rabo a cikinta. Wannan ƙarancin shi ya sa Arewa ta daɗe tana bin Kudu a baya wajen ilmin zamani, har yau ba mu gama biyan bashin ba.

Abin da ke damunmu shi ne yadda al'amarin ya juye. A da makaranta ce ta yi kaɗan, yara ke neman ta. Yanzu ga makarantu a kowace gunduma, amma tun da aka kwashe yara fiye da 300 daga makarantar kwana ta Ƙanƙara cikin Disamba 2020, uba sai ya yi ta shawara kafin ya bar ɗansa ya kwana nesa da gida. Mu malamai mun ga yadda yaro mai basira kan bar aji ya koma dakon kaya a tasha, don kuɗin yau sun fi masa alkawarin gobe. Shi kansa malamin, wanda a da in ya ratsa kasuwa ake ba shi hanya, yau matashi ba ya zaɓen aikinsa sai in ya rasa wani.

Masu iya magana sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ginin Kwalejin Katsina na ƙasa ne. Abin da ya ɗaukaka ta malamai ne na kirki, da horo, da kwanciyar hankali, da kuma sarakuna da hukuma waɗanda suka sa mata ido. Muna roƙon hukuma ta tsare makarantu ta kuma kyautata wa malamai, iyaye kuma su daure su bar yara su gama karatunsu. Allah ya ji ƙan magabatanmu, ya ba mu zaman lafiya, amin.