Na'urar BCM: Yadda ake gano lalacewarta da yadda ake sauya ta

Duk direban da ya saba bin hanyar da ta tashi daga Kwanar Ɗangora, ta ratsa Tudun Wada da dajin Falgore zuwa yankin Doguwa, ya san cewa ba wuri ne da mutum zai so fitilun motarsa su ɗauke masa da dare ba.

Amma a motocin zamani hakan na iya faruwa, alhali kuwa ƙwan fitilar lafiya lau yake, batir ma da cajinsa. A wasu lokutan laifin na wata 'yar na'ura ce da ake kira BCM, wadda masu mota da dama ba sa sanin akwai ta sai ranar da ta ba su matsala.

Mece ce BCM?

Akasarin direbobi sun san ƙwaƙwalwar inji, wadda ke daidaita mai da wuta. To, BCM ita ce ƙwaƙwalwar da ke kula da sauran jikin motar: fitilun gaba da na baya, sigina, waifa, hon, gilasan ƙofa, makullan ƙofofi da fitilar ciki. A wasu motocin tana cikin na'urorin da ke tantance makulli kafin inji ya tashi.

A tsofaffin motoci irin su Peugeot 504, wadda aka daɗe ana haɗawa a kamfanin PAN na Kaduna, waya kan tashi ne daga makunni ta tafi ga fitila ko hon, ba tare da wata kwamfuta a tsakani ba. A motar zamani kuwa, makunnin saƙo kawai yake aika wa BCM, ita ce ke yanke shawarar sakin wuta.

Sunanta ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani. A motocin Peugeot irin su 307 da 406 na baya-bayan nan ana kiranta BSI, a wasu motocin Honda kuma MICU. Galibi tana ƙarƙashin dashbod, sau da yawa a haɗe da akwatin fis.

Na'urorin motar suna magana da juna ne ta wasu wayoyi biyu da aka murɗe tare, bisa tsarin da ake kira CAN, wanda kamfanin Bosch na Jamus ya gabatar a shekarar 1986. Wannan ne ya sa idan guda ta rikice, sauran ma kan nuna alamun ciwo.

Alamomin lalacewa

Babbar alama ita ce abubuwa da dama da ba su da dangantaka da juna su rikice a lokaci guda. Waifa ta kama aiki ba a kunna ta ba, ƙofofi su riƙa kulle kansu suna buɗewa, hon ya yi ƙara cikin dare, ko sigina ta ƙi mutuwa.

Wata alamar kuma ita ce batir ya riƙa kwana ba caji. Bayan an kashe mota an kulle, na'urorinta kan yi barci cikin 'yan mintoci. BCM ɗin da ta lalace takan ƙi barcin, ta yi ta zuƙar wuta har gari ya waye.

Akwai kuma motar da za ta ƙi tashi sam, fitilar makulli tana ƙyaftawa a dashbod.

Sai dai idan abu guda ne kawai ya daina aiki, kamar gilashin ƙofa ɗaya, to an fi kyautata zaton laifin na makunni ne, ko fis, ko wayar da ta karye a maƙogwaron ƙofa.

Abubuwan da ke kashe ta

Ruwa shi ne babban abokin gabarta. Kudancin jihar Kano ya fi arewacinta samun ruwan sama, kuma a damina motocin da ke shiga ƙauyukan Kiru, Bebeji da Doguwa ba sa rasa ratsa kwatami da ƙoramu. Haka nan idan magudanar da ke ƙasan gilashin gaba ta toshe da ƙura da ganye, ruwa kan ɗiga kai-tsaye a kan akwatin fis. Wankin cikin mota da tiyo ma na haddasa irin wannan ɓarna.

Wata motar kuma da ciwonta take zuwa. Motocin da ambaliya ta shafa a Amurka, kamar lokacin guguwar Katrina a 2005 da ta Harvey a 2017, kan shiga kasuwar gwanjo, wasunsu kuma a fitar da su zuwa ƙetare. Tsatsar da ke cikin irin waɗannan motoci ba ta bayyana sai bayan watanni.

Na biyu shi ne wutar da ta wuce ƙima. Tayar da ƙaramar mota mai bolt 12 da wutar babbar mota mai bolt 24, ko juya kan batir bisa kuskure, na iya ƙona na'urar nan take. Haka ma yin walda a jikin mota ba tare da an cire batir ba.

Akwai kuma tsohuwar al'adar cire kan batir inji na aiki, don a gwada ko alteneta na caji. Wannan dabara ta zamanin motoci marasa kwamfuta ce, amma a motar zamani tana iya aika wutar da za ta lalata ƙwaƙwalwa fiye da ɗaya.

Na uku shi ne ɗaure fis da silin waya idan ya ƙone. Aikin fis shi ne ya mutu domin na'ura ta tsira. Idan aka hana shi mutuwa, na'urar ce za ta biya. Ƙara manyan fitilu da lasifikoki ta hanyar yanke wayoyin asali na cikin wannan sahu.

A yankin da ake noman masara da shinkafa kamar Tudun Wada da Doguwa, ɓera ma na da nasa kason. Motar da ke kwana kusa da rumbu ko buhunan hatsi na iya wayar gari da wayoyin da aka gwaigwaye.

Matakan bincike

Ƙa'idar ita ce a fara da abu mai araha, domin sau da yawa ana ɗora wa BCM laifin da ba nata ba.

Da farko a auna batir. Cikakken batir na nuna kimanin bolt 12.6 idan mota na kashe, sannan tsakanin 13.5 zuwa 14.5 idan inji na aiki. Batir mai rauni kaɗai na iya sa mota ta nuna kusan duk alamomin da aka lissafa.

Daga nan a duba fis ɗaya bayan ɗaya, da wayoyin at da ke ɗaure a jikin ƙarfen mota, a kuma zare soket ɗin na'urar a ga ko akwai danshi ko tsatsa mai launin kore.

Sai kuma a sa kwamfutar bincike. Tun daga 1996 doka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka soket mai ƙafa 16 da ake kira OBD-II, Tarayyar Turai kuma ta bi sahu a 2001 ga motoci masu amfani da fetur.

Lambobin da kwamfutar ke fitarwa na da ma'ana. Waɗanda suka fara da P na inji ne da giya, B na jikin mota, U kuma na sadarwa tsakanin na'urori. Alal misali, U0140 na nufin an daina jin ɗuriyar BCM. Amma wannan bai tabbatar da cewa ta mutu ba, don kuwa katsewar wutarta ko ta wayar saƙo ma na kawo lambar. Ya kamata a lura cewa ƙananan kwamfutoci masu araha da yawa lambobin inji kaɗai suke karantawa.

Mai aikin waya da ya ƙware zai kuma cire batir ya auna tsakanin ƙafa ta 6 da ta 14 a soket ɗin. A motocin da ke da CAN a nan, ana sa ran ganin kimanin om 60.

Sai an tabbatar wuta na shiga, at na da kyau, saƙo na isa, amma na'urar ba ta sakin komai, sannan za a yanke mata hukunci.

Sauya ta

Mai mota daga Bebeji ko Kiru yakan doshi birnin Kano ne neman kaya, musamman kasuwar Ƙofar Ruwa. Abu mafi muhimmanci shi ne ya tafi da tsohuwar a hannu, domin lambar da ke jikinta dole ta yi daidai da ta wadda zai saya. Kamannin akwati ba hujja ba ne: motoci biyu iri ɗaya na iya samun na'urori daban-daban, gwargwadon kayan da ke cikinsu da ƙasar da aka ƙera su dominta.

Kafin a cire, a kashe mota, a zare makulli, a jira 'yan mintoci na'urori su yi barci, sannan a kwance kan batir mai alamar ragi. Kuma wajibi ne a fara magance abin da ya kashe ta farko, ko yoyon ruwa ne ko wayar da ke haɗuwa. In ba haka ba, sabuwar ma za ta bi ta.

A motoci da yawa ɗaurawa ba ita ce ƙarshen aiki ba. Sai an sanar da sabuwar na'urar lambar motar mai haruffa da alƙaluma 17, da kayan da ke jikinta, an kuma gabatar mata da makullai.

A Peugeot, BSI da ƙwaƙwalwar inji da makulli a ɗaure suke da lambar sirri guda. Shi ya sa BSI ta hannu ba ta tayar da wata motar haka kawai: ko dai a kwafe bayanan tsohuwar a zuba mata, ko a sayi ukun a tare daga mota ɗaya.

Saboda haka yana da kyau mai saye ya yi yarjejeniya da mai shago, a gaban shaida, cewa zai karɓi kayansa idan ba su yi ba, ya kuma adana tsohuwar na'urar har sai an kammala aiki.

Bayan an gama, a gwada komai ɗaya bayan ɗaya, tun daga fitilu har makullan ƙofa, a kuma bar motar ta kwana a ga ko batir zai riƙe caji kafin a ɗauki doguwar hanya.