Yadda Ungulu Ta Bar Kwata

Asabar ta farko a watan Satumba ita ce ranar da aka ware wa ungulu a duniya, kuma duk sanda ta zagayo sai tsohuwar gardama ta taso: ina ungulaye suka shiga? Wanda ya haura shekara hamsin a Kano ko Sakkwato ko Damagaram ba sai an kwatanta masa yadda suke jeruwa a katangar kwata da hantsi ba, kai a sanƙe, fuska ta yi jajir da zarar an zubar da tumbi, suna tsalle-tsalle a tsakanin ƙafafun mahauta ba ko ɗar. Yau yaro sai ya gama sakandare bai taɓa sa ta a ido ba, a karin magana kawai yake jin ta.

Zaman ungulu da Bahaushe ya daɗe, amma abin da ya cika gari ba a damuwa da ƙirga shi. Turawa sun shigar da ungulun gari cikin littattafansu a 1823, aka kafa ƙungiyar masu nazarin tsuntsaye ta Nijeriya a 1964, sannan a farkon shekarun 1970 wani malamin makaranta Bature, Peter Mundy, ya duƙufa kan ungulayen Sakkwato, yana bin sheƙoƙinsu. A lokacin, inda duk aka yi yanka tana nan.

Aikin da ya tona asirin na wani Bafaranshe ne, Jean-Marc Thiollay. Tsakanin 1969 da 1973 ya riƙa bin hanyoyin Mali da Nijar da ƙasar da ake kira Burkina Faso yanzu, cikin mota a hankali, yana rubuta duk shaho da shirwa da mikiya da ungulun da idonsa ya gani, da tsawon tafiyar da ya yi. Aiki ne mai gundura, ba kuma wanda zai ba ka lambar yabo a kansa. Bayan shekara talatin, a 2003 da 2004, ya koma ya bi waɗannan hanyoyi, a irin yanayin da ya bi su da farko, ya sake ƙidaya. Manyan ungulayen daji, su mikiya, sun ragu da sama da kashi 95 cikin 100 a wajen gandun dajin da ake tsaro. Ungulun gari ta ragu da kusan rabi. Ba don mutum ɗaya ya yi haƙurin ƙirga abu ɗaya sau biyu ba, da har yau muna cewa ƙaura suka yi.

Daga nan aka shiga neman dalili. Na farko da ya zo bakin masu ilimin boko shi ne diklofenak, maganin ciwon jiki da ake yi wa shanu allurarsa. A Indiya da Pakistan shi ne ya kusa ƙarar da ungulaye, domin idan ungulu ta ci mushen saniyar da aka yi wa allurar sai ƙodarta ta lalace. An tabbatar da haka a 2004, aka hana ba dabbobi shi a 2006. Sai dai can ana barin mushen shanu a fili ne da yawan gaske. Mu nan saniya na fara layi makiyayi ya zaro wuƙa, fata da ƙafa da kayan ciki duk su tafi kasuwa. Wasu kuma suka ce tsafta ce ta kori ungulu, an zamanantar da mayanka. Duk wanda ya leƙa bayan kwata a garuruwanmu ya san jini da toroso na nan yadda suke, hankaki da shirwa da karnuka ne suka gaje wurin. Masu zancen sare itatuwa suna da ɗan gaskiya, tunda tsamiya da rimi da maɗacin da take sheƙa a kai sun yi ƙaranci a cikin gari, amma rashin bishiya ba ya yanke wa tsuntsu kai.

Ni dai na tsaya a kan cewa kasuwa ce ta cinye ta. Ka je layin masu maganin gargajiya ka duba a tsakanin fatar bushiya da busasshiyar hawainiya, za ka ga kan ungulu a ƙafe, ido a lume, ana neman sa don tsibbu, wai maganin hauka ko farin jini ko sa'ar caca. Binciken da Yohanna Saidu da Ralph Buij suka buga a 2013 kan 'yan kasuwar magani a arewacin Nijeriya ya nuna cewa har daga ƙasashe maƙwabta ake shigo da ita, alamar ta gida ta yi wuyar samu. Darcy Ogada da abokan aikinta, a nazarin da suka yi wa Afirka baki ɗaya a 2016, sun ɗora kashi 61 na mace-macen da aka tattara a kan guba, kashi 29 a kan fataucin sassan jiki. Za a ce ai ga shi guba ta fi. To amma a yammacin Afirka gubar ma sau da yawa makamin mai farautar kai ce. A Gini Bisau a 2020 an kashe ungulaye sama da 2,000 da guba, da dama an same su ba kawuna.

Labarin Paschalis ma ya isa shaida. Wata farar ungulu ce da aka ƙyanƙyashe a dajin Dadia na ƙasar Girka a 2013, masana suka ɗaura mata na'urar bin sawu. Ta ƙetare teku da Sahara lafiya, ta sauka kudancin Nijar. A farkon 2014 na'urar ta fara aiko da saƙo daga cikin wani gida a ƙauye, daga baya kuma daga Nijeriya. Da aka bi sawu, aka gano maharbin ungulu ne ya kashe ta don kai wa masu saye.

Abin da ya sa ɓarnar ba ta gyaruwa da sauri shi ne ungulu ƙwai ɗaya tal take yi, ta kwanta a kansa kusan kwana hamsin, ɗan kuma ya yi wata uku zuwa huɗu kafin ya tashi. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ungulun gari a matakin da ke dab da ƙarewa. Yanzu ɗaliban cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke kusa da Jos ne ke ci gaba da irin ƙidayar Thiollay, Gidauniyar Kare Muhalli ta Nijeriya kuma tana zama da masu maganin gargajiya don su koma ga saiwa da ganye. Na fi ganin alheri a wannan zaman fiye da kame, domin mai magani ne kaɗai zai iya ce wa mai nema ba sai da kan ungulu ba, ya kuma yarda.