Tambuwal da Kebbe: Abin da Ziyara ta Nuna Mana Game da Kudancin Sakkwato

Gabatarwa

Galibin abin da aka rubuta a kan Daular Usmaniyya daga Sakkwato da Gwandu da Wurno aka hango shi, watau daga inda sarakuna da wazirai suka zauna. Maƙasudin wannan takarda shi ne mu juya, mu dubi daular daga gefenta na kudu, bisa ga ziyarar da muka kai Tambuwal da ƙasar Kebbe. Ra'ayinmu shi ne, ba a gane matsayin Tambuwal sai an taka ƙasar da ke kewaye da ita.

Hanya

Daga Sakkwato zuwa Tambuwal tafiyar kimanin kilomita 100 ce a kan hanyar Jega. Hanyar kanta darasi ce. Matafiyi zai bi ta Boɗinga, kusa da Sifawa, inda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna bayan ya baro Gwandu, kafin ya koma Sakkwato a 1815. Daga nan sai Shagari, sai Dogon Daji, garin da Shaihu Abubakar Gumi ya yi makarantar elementare. Da isarmu Tambuwal abin da ya fara jan hankalinmu shi ne kusancinta da Gwandu, domin tsakaninsu bai wuce tafiyar 'yan sa'o'i a ƙafa ba.

Gidan Buhari

A 1812 Shehu ya raba kulawar ƙasa gida biyu: yamma ga ƙanensa Abdullahi, gabas ga ɗansa Muhammadu Bello. Wani ɗan Shehu, Muhammadu Buhari, shi ya zauna Tambuwal. Malami ne, mawaƙi cikin Larabci, kuma jarumi wanda ya fita yaƙi tare da rundunonin Gwandu har can kudu. Zuriyarsa ce ta riƙe sarautar Tambuwal, kuma garin ya kasance a ƙarƙashin Sakkwato duk da yake a bakin ƙofar Gwandu yake.

A nan ya wajaba mu yi gargaɗi. Buhari biyu ne a tarihin wannan yanki. Akwai Buhari ɗan Shehu na Tambuwal, akwai kuma Buhari ɗan Abdussalami wanda ya kafa Jega. Mahaifin na biyun shi ne malamin Gimbana, garin da Gobirawa suka kai wa hari gab da hijirar Shehu ta 1804, wanda kuma daga baya ya yi wa Bello tawaye, ya rasu a 1818. Mai tattara labarin baka in bai lura ba, sai ya ɗora aikin wannan a kan wancan.

Ƙasar Kebbe

Daga Tambuwal muka gangara kudu zuwa Kebbe. Kada a rikita Kebbe da Kabi: Kebbe gari ne, yanzu hedkwatar ƙaramar hukuma a Jihar Sakkwato, Kabi kuwa tsohuwar daular Kanta ce. A tudu gero da dawa ake nomawa, amma da an doshi Gulbin Zamfara sai ƙasa ta sauya, fadama ta buɗe, ga shinkafa, ga lambuna, ga masunta, ga shanun Fulani. Gulbin nan shi ya haɗa Gumi ta gabas da Jega ta yamma.

A bakin wannan gulbi muka ga amsar tambayar da muka fito da ita, watau me ya sa ɗan Shehu sukutum zai zauna Tambuwal? Dalili shi ne, garin yana tsakanin abu uku: Gwandu a arewa, Kabawa a yamma, da kwarin Zamfara a kudu. Jama'ar Shehu sun ci Birnin Kabi a 1805, amma Kabawa ba su kwanta ba. A 1849 Yakubu Nabame ya ɗaga tutar tawaye, Argungu ta tsaya da ƙafarta, aka yi ta fama har zuwan Turawa, waɗanda suka ci Sakkwato a 1903. A irin wannan hali, wanda ya riƙe Tambuwal ya tsare bayan Gwandu, ya tsare hanyar fatake ta zuwa kasuwar Jega, ya kuma tsare rumbun hatsi. Wannan ita ce manufar ribaɗi da Bello ya yi ta kira a kai: a zauna bakin iyaka, a yi noma, a yi karatu, a yi tsaro.

Kammalawa

An ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, aka ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996. Ta haka Gwandu da Jega suka faɗa wata jiha, Gumi ta faɗa wata, Tambuwal da Kebbe suka saura a Sakkwato. Haɗarin da muke hange shi ne ɗalibai su riƙa rubuta tarihi bisa ga taswirar yau, su yanka abin da asalinsa ɗaya ne. Saboda haka muna kira ga sassan tarihi na jami'o'inmu da su haɗa kai, su ɗauki maganar dattawan waɗannan garuruwa, su kuma nemi izinin gidajen malamai su kwafi takardun da ke cikin gafakokinsu. Dattijo ba ya jiran mai bincike, gara ma ba ta jiransa.